Ruwan Buta a Kan Bonet

Duk ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, sai na goge motar Baba. Ba wanki nake nufi ba, wanki ai kowa ya iya. Bayan wankin ne aikin yake farawa. In buɗe gwangwanin folish, in lakato da tsumma, in shafe ta tun daga bonet har but ɗin baya, in jira ya bushe ya yi fari-fari, sannan in bi da tsohuwar singileti ina murzawa har kafaɗata ta sage. Shi kuwa yana zaune a kujerar roba a bakin rumfa, hannun da ya shanye a kan cinya, yana ba da umarni kamar yana tsakiyar tashar Maƙarfi.

"Auta, zagayawa ake yi da tsumman. Ba shara na sa ka ba."

Tun kafin a haife ni yake jigilar fasinja da ita tsakanin Kudan, Maƙarfi da Ikara, ranar kasuwa har da rake da kwandunan tumatir a sama. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, sai aka turo ta ƙarƙashin rumfar kwano a gefen gidanmu, aka tokare tayoyin da duwatsu. Inna ta riga ta rasu. Yayyena sun watse, wannan yana Kaduna, wancan yana Kano, sai dai gaisuwa ta waya. Ni aka bari da ɗaga Baba, da kai shi bayi, da motar.

Idan na gama gugar, akwai jarrabawa. Baba zai ce in ciko buta in tsiyaya a kan bonet. In ruwan ya baje ya kwanta, to na yi ha'inci, sai in sake. In kuwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar carbi, yana gangarawa bai bar ko sawu ba, sai fuskarsa ta saki. Daga bonet a koma rufi, a bi ƙofa-ƙofa, buta bayan buta, har ƙasan rumfar ya jiƙe sharkaf.

"Motar da ruwa bai kama jikinta ba, ba ta mutu ba," in ji shi. "Ranar da na ga ka isa, makulli naka ne."

Wannan maganar ce ta ɗaure ni. Ba gudu nake son yi ba, Allah ya sani. So nake in fita da safe in ga titi, in dawo da magariba da cefanen da ni na nemo, in iya zama gaban iyayen wata a tambaye ni sana'ata ban sunkuyar da kai ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ma ce za ta riƙa wuni da shi in har na fara fita. Wani abokina ya taɓa samo mini tuƙin motar kaya zuwa Kano, na ce masa ina da tawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Taka da kaji suke ƙwai a ƙarƙashinta?" Na yi fushi, muka yi wata ba mu gaisa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Sa'o'ina suka yi aure, suka yi suna, ni ina nan da tsumma. Wata Juma'ar har jifa na yi da gwangwanin, na shige ɗaki ina huci, sai kuma na fito na tsince shi, don ba ni da wurin zuwa. Wallahi akwai ranakun da na tsani motar nan kamar in cinna mata wuta.

Sai idanun Baba suka fara rufewa. Ya daina ganin ruwan, amma bai daina jarrabawar ba. Zai kasa kunne ya ji ƙarar tsiyaya, sannan ya tambaya, "Ya dunƙule?" In ce ya dunƙule. Ya gyaɗa kai.

Bayan an gama kakar wata shekara, ya laluba aljihun ƙirjinsa ya ciro makullin, ɗaure da zaren da ya yi baƙi don tsufa. "Je ka kira bakanike," ya ce. Ban tsaya ko sa takalmin kirki ba na hau acaba zuwa Maƙarfi.

Bakaniken ya zagaya motar yana yaba fentin, ya ce bai ga mai shekarunta da irin wannan sheƙi ba. Sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi. Na ji yana ƙwanƙwasawa, sai na ga jan gari yana zubowa ƙasa. Ya fito yana kaɗe gashinsa, ya jawo ni gefe, ya buɗe ƙofar direba, ya ɗaga tabarmar ƙafa ya danna da babban yatsa. Yatsan ya wuce. Ta ramin ina hango jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Malam, ta ina ruwa yake shigowa rumfar nan?" ya tambaya a hankali. "Tsatsa ta cinye gindinta duka. Ko turawa aka yi, rabewa za ta yi."

Na kalli butar da ke ajiye a gindin taya. Ruwan da muke murna bai kama fenti ba, ai wani wuri yake zuwa. Gangarawa yake yi ya kwanta a ƙarƙashinta, inda rana ba ta taɓa leƙawa, Juma'a bayan Juma'a.

Na raka shi bakin titi na dawo. Baba yana nan a kujerarsa, ya juya fuska inda yake jin takuna.

"Me ya ce?"

"Ya ce sai an nemo kaya daga Kano, Baba."

"To, madalla. Kafin su iso kada ka bar ta ta dushe. Yau ba Juma'a ba ce?"

Juma'a ce. Na sa makullin a aljihu, na ɗauko gwangwani da singileti, na shafa, na murza. Na ciko buta na tsiyaya, ina kallon ruwan yana gangarawa yana shigewa ƙarƙashi.

"Ya dunƙule?"

"Ya dunƙule, Baba."

"Sai rufin," ya ce. Na koma bakin randa na sake ciko butar.