Rabin Sabulun Kaporal Nomau

Kaporal Nomau bai taɓa fara gaisawa da fuskar mutum ba. Ku da kuka san shi a Tawa, ku ƙaryata ni in kun isa! Ka yi masa sallama, idonsa na ƙasa. Ka tambaye shi gajiya, idonsa na ƙasa. Sai ya gama karanta ƙafarka tun daga diddige har ƙaramin yatsa, sannan ya ɗago ya ce, "Lahiya lau. Amma kaushin ga naka ya isa aure."

Saboda waɗanda suka zo duniya daga baya, bari in faɗi inda yake aiki. Nasara sun bar wani kududdufin siminti a bayan gidan shaƙatawarsu, mai ruwa garau, suna ce masa pisin. Da muka samu 'yancin kai sai aka buɗe shi ga ma'aikata da baƙinsu. A gefensa akwai ɗakin wanka, dush huɗu, famfunan nan masu zubo ruwa daga sama, a jere babu ƙyaure a tsakani, kuma bangon gaba bai taɓa ƙasa ba, an bar kafa kamar taƙi ɗaya don ruwa ya wuce. A nan waje Kaporal ke zama bisa kujerar ƙarfe, makulli a wuya, takalman soja a ƙafa ko da rana tana dafa ƙwai, hannunsa kusa da babban famfon da ke ba dush ɗin ruwa. Ta wannan kafar ƙafafu kawai yake gani, kuma sun ishe shi. Yakan ce abin da ke sama da idon sawu tsakaninka ne da Ubangijinka, abin da ke ƙasa kuwa nasa ne.

Dokokinsa ba a rubuce suke ba, amma har jakunan unguwar sun haddace su. Ba mai shiga pisin sai ya bi ta dush. Ka yi gyaran murya kafin ka shiga. Wando a jikinka, idonka a bango, kada ka leƙi na kusa da kai. Ba hira, ba waƙa, ba tofar da yawu, ba kaki, ba fyace majina, fitsari kuwa kada ma ka bari ya zo maka a rai. Shi kansa mai dokar, duk shekarun nan, ko babban yatsansa bai taɓa tsomawa a pisin ɗin ba.

Mun ɗauka jarabar tsohon soja ce kawai, sai ran nan ya faɗa mana dalili da bakinsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba shi haihuwa ba. A yaƙin Nasara kuma ya ga an tura abokansa rami da takalmansu, babu wanka babu salla. Tun daga can ya dawo da sabulu guda, ya naɗe shi cikin likkafaninsa ya kulle a akwatin ƙarfe.

"Ni ba ni da ɗa," in ji shi. "Cikinku zan hidda wanda za shi wanke ni. Shi as sa nike duban yadda kowa ka wanke ƙahwatai. Wanda bai iya da tashi ba, ina za shi iya da tawa?"

Muka bushe da dariya. Shi bai yi ba. Daga ranar muka gane cewa duk wanda ya shiga dush ɗin nan jarrabawa yake yi, kuma har lokacin babu wanda ya ci.

Kun tuna Alhaji Arzika, dillalin shanu na Takanamat? Wata Lahadi bayan an tashi kasuwa mai masaukinsa ya kawo shi ya ga abin mamaki. Alhaji ya tsaya bakin pisin ya riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Wanga ruwa dut, ba saniya guda da ka sha nai?"

Kafin a ankara ya tuɓe riga, ya zaro soso da sabulun salo daga aljihu, ya nufi ruwa. Kaporal ya gitta masa sanda.

"Alhaji, ina za ka da soso?"

"Wanka mana."

"Wanka can ciki a kai. Ka wanke tas, sannan ka shiga nan."

Alhaji ya dube shi kamar ya ga mai taɓin hankali. "In yi wanka kahin in yi wanka? Kaporal, garinmu mace tun asuba take hita ta samo tulu guda, kai kana ce mani in zubda ruwa don in samu izinin shiga ruwa? To in na hito da tsabtata, mi zan nema cikin wanga kuma?"

Kaporal ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Wallahi Alhaji, tun zamanin Nasara nike gadin wurin ga, ni ma ban gano ba. Amma doka ta."

Alhaji ya shiga dush, ya cuɗa, ya fito yana ƙyalli, ya mayar da rigarsa, ya yi godiya ya kama hanya, ko waiwayar pisin bai yi ba. Kaporal ya ce tun da aka gina wurin mai hankali ɗaya ke nan da ya taɓa zuwa. Muka ce to shi ke nan, an samu mai wanka. Ya girgiza kai. "A'a. Cuɗa tai ta majema ta. Saɓule mani hwata za shi yi."

Maganar tsimi kuwa, kai, Allah ya jiƙan maza! Sabulun da ake ba shi na wata guda, da zare yake yanka shi, falle-falle, in ka ɗaga ɗaya sai ka hango rana ta ciki. Ruwa kuma buɗewa biyu ce: ya buɗe ka jiƙa, ya rufe ka cuɗa, ya buɗe ka ɗauraye. In ka nemi ta uku sai ya tambaye ka ko ubanka ne ya haƙa rijiyar.

Ni a lokacin sabon mushe ne a lakkwal, wato malamin makarantar boko, Illa ɗan gayu, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko Adar. Ranar da na fara zuwa na faɗa dush babu gyaran murya, na cika kai da kumfa, na ɓarke da waƙar da na ji a rediyo, na kuma fyace hanci son raina. Sai na ji ruwa ya ɗauke ɗif. Sabulu ya gangaro mini cikin ido.

"Baba Kaporal! Ruwa!"

"Wa ka magana cikin makewayi?"

"Ni ne, Mushe Illa! Idona zai tsiyaye!"

"Ƙarasa waƙar taka tukuna. Muna jin daɗinta."

Na yi magiya, na haɗa shi da iyayensa. Sai ga tsintsiya da buta an turo ta ƙarƙashin bango.

"Abin da ka hyace ƙasa, wanke shi. Mai shigowa bayanka ɗan mutane na, da ƙahwa tai za shi taka."

Haka na durƙusa ido rufe ina lalube, na kusa da ni suna ta shaƙe dariya don su ma suna tsoron a ɗauke nasu. Da na fito idona jajir kamar gauta, ya dubi ƙafata ya ce, "Ga shi ko tsakanin yatsu ba ka taɓa ba. Kai Mushe, ko akuya ba ni ba ka ka wanke." Tun daga ranar na zama abin misali. Duk wanda ya yi wankan tsuntsu sai ya ce masa, "Ka kusa kamo Mushe." Na ji haushi ƙwarai, har na yi rantsuwa ba zan sake zuwa ba. Zafin bazara ya sa na yi kaffara.

Sai kuma ranar babban baƙo. Wani ƙusa ne daga Yamai, ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa na nan da ransu. Ya iso da rakiya, ya tuɓe kwat, ya miƙe zai faɗa ruwa. Sanda ta gitta.

"Ranka shi daɗe, ta nan a ka bi."

"Na yi wanka a masauki."

"Da ƙahwa ka taka ƙasa daga mota zuwa nan, ko ɗauko ka anka yi?"

Wani daga cikin 'yan rakiya ya matso yana raɗa masa cewa wannan mutumin da alƙalami ɗaya zai raba shi da kujerarsa. Kaporal ya cire makullin daga wuya ya miƙa.

"Ga shi, in amsa za a yi. Amma Nasara mai tauraro bisa kahwaɗa na tsaida nan, yab bi ta dush. In na ƙyale ka, gobe cewa za a yi ƙazanta munka samu ba 'yanci ba."

Ni kuwa na san tsohon nan ba shi da kowa ba shi da komai sai wannan kujera. Ban san lokacin da na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yanzu zan shiga, mu je tare," ba. Baƙon ya harare ni, ya harari sandar, sannan ya bi ni yana huci. A ciki ban ce masa uffan ba, ai ba a hira. Na yi nawa wankan, shi kuma yana satar kallon ƙafata yana kwaikwayo. Da muka fito Kaporal ya duƙa ya duba ƙafar babban mutum a gaban jama'a, ya ce, "Ba laihi. A riƙa sa dutse ga diddige." Sai mutumin ya fashe da dariya, ya ce a mayar wa tsoho makullinsa. Ni kuwa da na ceci kujerar, ko kallo ban samu ba. Abin da ya ce kawai shi ne na daɗe a ciki, na ci ruwan mutum biyu.

Bayan 'yan shekaru simintin pisin ya tsage, ruwa kuma ya yi wuya a gari, aka rufe wurin. Kaporal bai daɗe ba ya kwanta. Wata ranar Alhamis da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakinsa ya rame, akwatin ƙarfen nan a gefen tabarma.

"Mushe, kai za ka wanke ni."

Na ce, "Baba, ni? Ni da ko akuya?"

"Akuya wuyar wanki gare ta, motsi takai. Ni ba ni motsi." Ya yi tari, ya huta. "Dut sauran don tsorona su ka wanka. In sun ga na tashi salla, sai su watsa ruwa su hito. Kai ran nan na dawo daga masallaci ba ka sani ba, na iske ka kana bin yatsu guda guda, kag gama kas share wurin don na bayanka. Shekara ukku ke nan da na hidda ka."

"Shekara uku! Kuma kana ta zagina?"

"In na yaba ka, lalacewa za ka yi."

Sai ya ce in cire masa takalmi. Ban taɓa ganin ƙafarsa ba, babu kuma wanda ya taɓa gani, don ko a masallaci da safa yake salla. Da na zare na hagu sai na ga babu yatsa ko ɗaya, na dama saura biyu. Sanyin ƙasar Nasara ya cinye su tun yana saurayi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yi mana faɗa a kan tsakanin yatsu, ashe tsakani ɗaya tak ya rage masa a duniya. Hawaye suka cika mini ido, shi kuwa yana murmushin mugunta.

"Ka ga na rage ma aiki. In na tahi ka hwaɗa masu, su samu abin dariya. Amma guda ɗin nan da ta saura, in ka tsallake ta, ban yahe ba."

Ranar Asabar da safe ya cika. Liman ya tsaya a kaina yana nuna mini yadda ake yi, na buɗe akwati na warware likkafani. Sabulun ya bushe ya yi tauri kamar dutse, kuma an riga an raba shi biyu, da zare, tsaf. Maƙwabcinsa ya ce ai ya bar saƙo: rabi ya ishe shi, kada a yi masa ɓarna, ɗaya rabin na Mushe ne, ya ajiye wa kansa. Liman ya kau da kai yana gyaran murya, ni kuwa ina dariya ina kuka. Na wanke shi a hankali, ban yi magana ba, ban zubar da ruwan banza ba. Da na zo ƙafar dama na bi tsakanin nan guda ɗaya har sau uku.

Rabin sabulun yana nan a akwatina, cikin nawa likkafanin. Yanzu na tsufa, jikokina suna cewa wai Kaka ba ya duban fuskar mutum in ana gaisawa, ƙasa yake kallo. Ban gaya musu dalili ba. Har yau dai ban fitar da kowa ba.

Allah ya jiƙan Kaporal Nomau. Yadda ya tsare mana tsabtar wurin da ba nasa ba, Allah ya wanke shi daga kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da abokansa da aka binne babu wanka, ya gafarta musu baki ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya ba mu mai bin yatsu guda guda. Amin.