Hajiya Mabaruka, wadda aka ce wuta ba ta cin hannunta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin kwaɓin gurasa da safen nan wayata ta yi ƙara. Bashir ne, ɗan Hajiya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba ya ce, "Anti Saude, Hajiya ta cika."

Hajiya Mabaruka mai gurasa. Uwar ɗakina, wadda ta koya min sana'ar da nake ci da ita har yau.

Na bar ƙullun a nan, ban ma san ko na rufe shi ba.

Shekarar da soja suka koma bariki na fara zuwa gidanta. Mijina ya rasu, ga yara ƙanana, ban iya komai ba sai kuka. Wata maƙwabciya ta kai ni, can cikin lungu bayan Ƙofar Mazugal. Hajiya ba ta tambaye ni komai ba. Gurasa ta miƙo min da zafinta, ta zuba ƙuli da man gyaɗa, ta ce, "Ci tukuna, 'yar nan. Aikin ba guduwa zai yi ba."

Ga wanda bai taɓa gani ba, tanderu babbar tukunyar ƙasa ce. A hura wuta a cikinta har ta yi jawur, sannan ki zura hannu ki manna ƙullu a jikinta ta ciki. Mu duka sai mun tsoma hannu a ruwa, mu manna, mu fizgo da sauri. Ni kam har da ihu. Sai Hajiya ta yi ta dariya tana ce min mai hannun amarya.

Ita ba ta sauri. Ta zura hannu, ta manna, ta gyara gefe, tana hira da ke, kamar a tulun ruwa ta sa shi.

Lokacin kasuwa ta buɗe. Siyasa ta dawo, yau taron jam'iyya, gobe walimar kansila, kowa bandashe yake so, wato gurasa da ƙuli da mai, a ciyar da magoya baya. Masu tsire ma ga su a zaure. Da oda ta yi yawa sai Hajiya ta ture mu ta karɓi tanderun da kanta.

Daga nan aka fara cewa wuta ba ta cin hannunta. Wai gado ne, kakanninta da suka zo fatauci ta hamada suka taho da asirin. Har wani maƙeri ya taɓa sallama yana roƙon a sam masa laƙanin.

Wallahi idan na tuna wannan kirarin raina ɓaci yake yi. Mace tana ƙonewa a gaban jama'a, ana tafa mata.

Ranar da abin ya fito fili, ni na fara jin ƙauri. Na duba gurasa, lafiyarta ƙalau. Na duba zanina. Sai na ga gefen hannun Hajiya a jingine a bakin tanderu, tana ba ni labarin wani biki, fatar tana hayaƙi.

Na fizge hannun ina salati. Ta kalle shi kamar na wani ne, ta ce, "Au. Yaushe haka ta faru?"

Da ƙyar muka kai ta asibiti, ni da Bashir. Bayan an wanke ciwon an auna jini, wata likita ta ce ta rufe ido. "Mama, zan taɓa ki da auduga, sannan da tsinin allura. Duk inda kika ji ki ce min kin ji."

Likitar ta bi yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta bi tafin ƙafa. Ta dawo yatsun hannu. Ina gani allura tana lotsa fata.

Shiru.

Can Hajiya ta ce, ido a rufe, "To ki fara mana, 'yata, na baro ƙullu yana tashi."

Bashir tashi ya yi ya fita.

Abin da likitar ta faɗa mana ranar ban manta ba, kuma don shi nake wannan dogon rubutu. Ta ce ban da jijiyoyin jini akwai wasu siraran jijiyoyi a jikin mutum masu kai saƙo. Wasu suna ɗauko labari daga fata, zafi ne ko sanyi ko suka, su bi ta lakar ƙashin baya su kai ƙwaƙwalwa. Wasu kuma su sauko da umarni, hannu ya motsa, ƙafa ta taka. Ta ce wannan fizgewar da muke yi a bakin tanderu, tun kafin ƙwaƙwalwa ta sani laka ta riga ta ba da umarni a janye. Amma sai saƙon zafi ya iso tukuna. Ita Hajiya ciwon suga ya daɗe yana cin masu kai labarin, daga ƙafa ya fara har ya kai hannu. Masu sa motsi suna nan da sauran ƙarfinsu, shi ya sa hannun yake aiki ba ya kawo ƙara.

Hajiya ta ce, "Wato sabis ne ya ɗauke." Ta yi dariya ita kaɗai.

Likitar ba ta yi ba. Ta ce ta bar wuta har abada, kuma kullum a duba mata ƙafa da hannu da ido, tunda jikin ya daina faɗa da kansa.

Dubawar ni na ɗauka. Kullum da hantsi in zaunar da ita, in buɗa tsakanin yatsu, in shafa mai, in zazzage takalminta ko da tsakuwa a ciki. Tana mita, ina yi.

Barin wutar ne ya gagara. Za ta yi sati a kan kujera tana ba da umarni, da babbar oda ta shigo sai ki gan ta a tsaye. Mun sha faɗa a kan haka. Na taɓa ce mata, "Hajiya, so kike sai kin gasa hannun kin haɗa musu da ƙuli?" Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Kuma masu zuga ba su daina ba. Mata su shigo su ce, "Haba Hajiya, ke da wuta ke tsoro? Likita me ta sani?" Wannan maganar ta fi allurar likita shiga jikinta.

Da yarana suka tasa, ita ta sa aka gina min tanderu a Gwale, ta ba ni buhun fulawa na farko, ta turo min masu tsire daga cikin nata. Na ce wa zai riƙa duba miki ƙafa? Ta ce, "Gida cike da mutane? Tafi ki tsaya da ƙafarki, ki bar tawa."

Mutanen gidan sun yi iya yinsu. Amma garwashi guda ya isa. Ta taka shi da safe, ta wuni tana yawo a kai, sai da aka ga sawun jini a tsakar gida. Ciwon bai warke ba. Aka yanke yatsa, daga baya aka yanke ƙafar. Ido ma ya tafi, hannuwan suka shanye har cokali ya gagare ta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je. Na kai mata gurasata, ta shinshina ta ce yis ya yi yawa. Gaskiyarta ce.

Ta ce, "Saude, har yanzu kina ihun nan a bakin tanderu?"

Na ce ina yi, Hajiya.

Ta ce, "Ki gode wa Allah. Na yi ta miki dariya, ashe ke ce mai lafiyar."

Sai ta ce, "Riƙe min hannu."

Na ce, "Ai tun da na zauna nake riƙe da shi."

Ta juyo da fuska wajen muryata. Ta ce, "To. In za ki saki ki faɗa min, don in sani."

Da aka kira la'asar na ce, "Hajiya, zan saki." Ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka."

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidanta.

Don Allah, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, musamman mai suga, ya cire musu takalmi yau ya duba. In sun ce ba sa jin zafi, kada ku yaba musu, ku kai su asibiti.

Ya Allah, baiwarka Mabaruka ta ciyar da marayuna lokacin da ba su da kowa. Ka gafarta mata, Ka sanyaya makwancinta. Ta sha wutar duniya ba ta sani ba, Ka haramta jikinta ga ta lahira.

Wanda duk ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ya sa ta a addu'a.