Babi na Biyar na Malam Buba

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Tunga ya san Malam Buba, kuma ba da alheri ba. Shekara talatin yana sana'ar. Da tafireta ya fara. Kwamfuta da ƙyar ya karɓe ta, har yau dukanta yake kamar ta zagi ubansa. Keke-napep ya tsana, waya ya tsana, yaran zamani kuwa kada ma a yi magana. Ga shi ba ya iya buga rubutun wani bai sa baki ba.

Tsautsayi ya kai Husna shagonsa, ɗalibar Turanci a shekarar ƙarshe ta jami'a. Kundin bincikenta a kan wani tsohon marubucin Amurka ne mai gajerun labarai, da yadda yake kallon sauyin zamani. A ganinta, ba'a marubucin yake yi wa tsofaffin da suka ƙi motsawa. In kundin bai tsallake ba, sai ta maimaita shekara.

Da Buba ya kai babi na biyar, ransa ya ɓaci. Ba'a? Wa ake yi wa ba'a? Shi dai daga guntayen labaran da ta ciro, sarai ya ga kuka Baturen nan yake yi wa abin da ya wuce. Kawai sai ya goge shafi takwas ya rubuta nasa, ya ɗinke kundin ya miƙa mata. Ita kuma tana sauri, ba ta duba ba.

Ranar kare kundin, tana faɗar abu, malamai na karanta akasinsa. Suka ce ba ita ta rubuta ba.

Ta faɗo shagon idanu jawur. "Baba, me na yi maka? Bugawa kawai na ce ka yi!"

"Gyara na yi miki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ki fahimci mutumin ba."

"To, don Allah zo ka faɗa musu kai ka canza. Maganarka kaɗai za ta wanke ni."

Buba ya dubi ɗaliban da ke jira a bakin ƙofa, kowa rungume da kundinsa, sun kasa kunne. Kai, Allah wadaran tsohon nan!

"Ni abin da aka ba ni nake bugawa," ya ce da ƙarfi. "Na gaba!"