Kanwa da Lemun Tsami a Hannun Auta

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka gidan Goggona a Gashua shi ne hannun Auta. Ta sheƙo da gudu ta karɓi jakata da hannun dama, amma hagun yana maƙale a bayanta kamar mai ɓoye alewa. Lokacin ina ajin farko na babbar sakandare a Nguru, yarinya ce ni marar magana, irin wadda ke zama a lungun aji tana kallon kowa. Hutu na zo yi. Auta ita ce ƙaramar 'yar Goggo, ba ta daɗe da shiga firamare ba.

Sai da muka zauna cin abinci na ga hannun. Tabon ƙuna ne baƙi ƙirin, daga bayan hannu zuwa wuyansa. Goggo sana'ar bandar kifi take yi, Auta kuwa ta yi tuntuɓe ne ta dafa wayar murhu tana da zafi. Ciwon ya warke, tabon ne ya rage. A asibiti an ce a riƙa wankewa, a shafa mai a murza a hankali, a kare shi daga rana, kada a bari ta sosa, sauran kuma sai haƙuri. Kaka, mahaifiyar mijin Goggo, ita ta ɗauki wannan aikin. Kullum da safe sai ta buɗe gwangwaninta na man kaɗe, ta ɗora hannun a cinyarta tana murzawa da babban yatsa, tana tsokanar Auta wai ko da tabo sai ta fi ta samun miji.

Amma Auta ta daina son zuwa Islamiyya, domin yara sun laƙaba mata Hannun Banda. Ran da na ga ta dawo tana jan hannun hijabinta tana rufewa, zuciyata ta karye. Nan na tuna 'yan ɗakin kwananmu a makaranta, yadda suke jiƙa kanwa da lemun tsami su goge baƙin gwiwa da gaɓoɓin yatsu. Na ce a raina man Kaka ya cika nawa, ni zan yi abin da zai ba kowa mamaki. Kanwa kuwa ba ta yankewa a gidan, irin wadda ake kawowa daga Yusufari.

Idan Goggo ta tafi kasuwa, Kaka ta kishingiɗa, sai in ja Auta bayan ɗakin girki. Ranar farko ta ce min, Yaya da zafi. Na ce mata zafin nan shi ne alamar magani yana aiki, kuma sirrinmu ne, kada ta faɗa wa kowa. Ta cije leɓe ta miƙo hannun. Har yau idan na rufe ido ina ganin yadda ta ɗage kai sama don kada hawaye ya zubo.

Ba a jima ba fatar ta yi ja, ta saɓule, ta soma ruwa. Mijin Goggo ya dawo ya gani, ya tambayi mahaifiyarsa a ladabce, amma kowa ya ji zargin, wai Iya me kika ƙara a cikin man nan. Kaka ta rantse da Allah man kaɗe ne zalla, da shi ta raine shi, ga shi nan har ya yi gemun tuhumarta. Ta rufe gwangwanin ta tura ƙarƙashin gado, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Ina tsaye a wurin, na bar laifin a kanta. Auta ta dube ni, na sunkuyar da kai, ita ma ta yi shiru saboda alkawarin da na ɗora mata.

Da muka kai Auta asibiti ne na kasa jurewa. Nas ta ce ba za ta san abin yi ba sai an gaya mata abin da ya taɓa fatar. Na faɗa ƙasa-ƙasa har sai da ta ce in maimaita. Ta yi bayani cewa sabuwar fata ce, ba ta da ƙwari, kanwa da tsami sun sake ƙona ta. Goggo ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Har muka iso gida ba ta ce min uffan ba, kuma da duka ta yi min da ya fi sauƙi. Da na durƙusa gaban Kaka, cewa kawai ta yi, ke 'yar nan, da bakinki a jikinki, me ya hana ki tambaya.

Ciwon ya sake warkewa, amma tabon ya yi tudu, ya fi na da faɗi. An ce zai iya kwantawa da lokaci, ba a ce zai ɓace ba. Na gane cewa tausayi ba ilimi ba ne, kuma kunyar da nake taƙama da ita ta sa tsohuwa ta kwana da laifin da ba nata ba. 'Yan'uwana 'yan mata, fatar yaro ba wurin gwaji ba ce. Kada ku sa wa tabo kanwa, ko lemun tsami, ko man bilicin, ko wani haɗin da kuka ji a bakin ƙawa. Ku tambayi ma'aikatan lafiya. Duk maganin da sai a ɓoye za a shafa shi, ba magani ba ne.

Ana gobe zan koma Nguru, Kaka ta jawo gwangwaninta ta zauna a tabarma. Na matso zan taya ta, sai Auta ta maida hannun bayanta, daidai yadda ta yi ranar da na zo. Ban ga laifinta ba. Sai na roƙi Kaka, idan na dawo hutu na gaba, ta bar ni in riƙa riƙe mata gwangwanin kawai, har ranar da Auta za ta miƙo min hannun da kanta.