Kalilu Mai Igiyar Kasuwa

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da la'asar sakaliya, aka ɗauko mana gawar yayana Kalilu Usmanu daga bakin kasuwa, kan hanyar Gatawa, an fasa masa kai da gora.

Yaya, aikinka bai wuce riƙe igiya a bakin kasuwa ba. Mai kaya ya biya haraji, ka saki igiya ya wuce. Tsohuwa da kwandon kuka ko kana ganinta sai ka ɗaga igiyar sama da kanta, ka ce, "Wuce, Inna, ban gan ki ba." Sau nawa ka ba mai jaki ruwan gorarka, kai ka yini da ƙishi?

Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Sai ga manyan motocin wani kamfanin hatsi suna kwashe ɗan abin da ya rage. Kowa ya san kuɗin kamfanin nan ne suka ɗora wasu a kan kujera, shi ya sa aka ce duk motar da ke da hoton ɗan takara a gilashi, kada a tsayar da ita. Kai kuwa ka ce, "Wallahi in jaki zai biya, mota ma za ta biya. Za ni tsaya nan." Na roƙe ka, na yi maka faɗa, har na ce maka taurin kai ne. Ka yi dariya.

Ranar Talatar nan ka ja igiya gaban motar kamfanin. 'Yan bangar siyasa suka diro daga kan buhuna, suka rufe ka da gora da sanduna, suka karya maka hannu, suka ja ka cikin ƙura. Kasuwa cike, ba wanda ya motsa. Tir da wanga zamani! Ina jin zafin wannan har cikin ƙashina.

Ranar sadakar uku kamfanin ya aiko da buhun gero. Matarka Luba, wadda rabonta da ɗora tukunya tun jiya, ta ce a mayar musu.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka makwancinka. Luba, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya 'ya'yanku, su Fatu da Maliki, Ya ciyar da su da halas. Waɗanda suka dake ka da waɗanda suka biya su, ban yafe ba. Allah Ya isa.

Ƙanenka, Labbo Usmanu, Sabon Birni.