Shekarar da Muryata Ta Fashe

Na sha wuya a ƙuruciya, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya in ce akwai daɗi a ciki ba. Daminar da na cika shekara goma sha uku, sa'o'ina suna langa da ƙwallon tsumma a bakin layi, ni kuwa ina bayan babbar mota a kan buhunan albasa, daga Gamboru za mu Maiduguri. Yayyafi ya sauko, Babana ya dube ni sau ɗaya, na tuɓe rigata na lulluɓe kukumarsa da ita. Haka muka iso gari, ni tsirara daga ƙugu zuwa sama, haƙorana suna kaɗawa, ita kuwa fatarta a bushe.

Sunansa Ilu, mutane suna ce masa Ilu Magarya, don a garin Magarya ta ƙasar Damagaram aka haife shi. Ubansa makaɗin kukuma ne, kakansa ma haka. Uwata ta rasu a Nguru ina rarrafe, ban san kamanninta ba. Mu uku muke yawo: shi da kukuma, Kawu Tanko yana kaɗa ƙwarya da zobba a yatsunsa, ni ina amshi. Muryata siririya ce a lokacin, tana hawa can sama, mata suna so, kuma ita ce dalilin da ya sa nake cin tuwo. Nguru, Gashuwa, Difa, Baga, Kusiri, Injamena, duk na taka su kafin in iya rubuta sunana. Baba ba shi da takardar kowace ƙasa. Idan muka iso iyaka, masu kaki sukan zaunar da mu a gindin bishiya su ce in dai da gaske makaɗi ne, to ya wasa su. Sai ya yi ta kiran sunayensu da na iyayensu har su gaji su ɗaga sanda. A Nijar ɗan Najeriya suke ce masa, a Maiduguri Afuno, wato Bahaushe a bakin Barebari, a Chadi kuwa ko sunan ba sa tambaya. Abin da yakan gaya min shi ne, “Duk wanda ya tambaye ka garinku, ka ce masa yana gaba.”

Muryar nan an tsare ta fiye da yadda aka tsare ni. Ba na shan ruwan randa mai sanyi, ba na cin gyaɗa, ƙuliƙuli ko kallonsa ba na yi. Kullum da safe citta da kanumfari, masu yaji har idona ya kawo ruwa. Idan na makara a amshi, Baba ba ya tsayar da waƙa, sai ya ɗora dugadugansa a kan yatsan ƙafata ya danna, yana yi wa jama'a murmushi. Farcen babban yatsana na dama har yau a murɗe yake fitowa. Abu ɗaya ne ya riƙe ni, wanda Kawu Tanko ya gaya min wata rana muna wanki a bakin kogin Ngadda. Ya ce a gidanmu yaro yakan yi amshi har muryarsa ta fashe, daga nan uban ya samo ƙoƙo da fatar guza da izgar doki ya ɗaura masa tasa kukumar. Haka aka yi wa Baba, haka aka yi wa ubansa. Tun daga ranar nake taɓa maƙogwarona ina jira.

Damina a Maiduguri muke yin ta, a unguwar Galtimari, a wani ɗaki na gidan Ya Kaltum, wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da ɗanwake. Ni nake ɗebo mata ruwa, in share tsakar gida, in cire ciyawa a 'yar gonar kuɓewarta ta bayan katanga. Ita ce ta tura ni firamare, ina shiga wata uku a shekara, daga nan a kwashe ni. Iyakar karatuna ke nan.

Abin da nake jira ya faru ne a wurin bikin sunan ɗan wani direban babbar mota, bayan Kasuwar Kwastam, da la'asar. An shimfiɗa tabarmi, an cika, Baba ya ɗauko waƙar da amshinta ya fi kowanne hawa sama. Na buɗe baki, rabin farko ya fita lafiya, sauran ya karye ya faɗo ƙasa kamar kukan jaki. Sai wani mahauci daga baya ya ce, “Ilu, ɗan bunsurun nan naka na sayarwa ne? Sallah ta kusa.” Aka fashe da dariya. Na ɗauka Baba zai sauya waƙa. Sai ya yi wa Kawu Tanko alama kada ya tsaya, ya juyo gare ni ya ce, “Sake.” Na sake, ta sake karyewa. Ya ce, “Sake.” Nan take ya ƙirƙiro baiti a kaina, yana kwaikwayon muryar da tsirkiya, yana sa kukumar tana kuka irin nawa, mutane suna riƙe ciki, suna tasowa suna yi masa liƙi a goshi. Ban san sau nawa na sake ba. Na dai san ban taɓa ganin an yi masa kari irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin ya yi kiɗa mai kyau kamarsa ba. Wannan ne ma ya fi ci min rai.

A hanyar gida na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, yanzu za a ɗaura min tawa?” Ya harari Kawu Tanko, Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ka fara koya wa wani amshi tukuna.”

Wanin shi ne Modu, ɗan wani mai wanki a unguwar, yaro ɗan shekara takwas mai murya kamar sarewa. Na koya masa da zuciya ɗaya. Na nuna masa inda ake jan numfashi, da yadda zai riƙa kallon kafaɗar Baba don ya san lokacin shiga, har na gaya masa ya riƙa ja da ƙafarsa baya. Da damina ta ja baya, ya iya duk waƙoƙin.

Wata safiya Baba ya kira ni, murya a sake, ya ce in je unguwar Shehuri wurin wani mai kula da dawakin wani attajiri, in ce in ji shi a ba ni izga. Ya ce baƙa, doguwa, ta ingarma, kada in karɓi ta goɗiya don fitsari yana cinye ta. Izga ita ce tsirkiyar kukuma. Ban tambayi ko ta wa ce ba, na riga na sani. Da ƙafa na tafi, rabin hanyar da gudu. Mutumin ya sa ni kwashe kashin doki da ɗebo ruwa har azahar ta wuce, sannan ya yanko min. Na naɗe ta a cikin riga na kamo hanya, ina ta tunanin wace waƙa zan fara koya.

Na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Babu jaka, babu ƙwarya, ƙusar da ake rataye kukuma ita kaɗai a bango. Ya Kaltum tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, “Tada, sun hau motar Gamboru tun da hantsi, da yaron mai wanki.” Tada yaro ke nan a bakinsu. Na ce, “Ya ce yaushe za su dawo?” Ta ce, “Bai ce ba. Ya ce in gaya maka shi bai taɓa samun gari ba, kai ya bar maka wannan.” Ta buga rariya a tafin hannu ta ƙara da cewa, “Ɗakin an riga an ba wani. Zaure yana nan, ka kwana. Amma ni ba uwarka ba ce, kowa a gidan nan da abin da yake shigowa da shi.”

Ban sake ganinsa ba. Na ji an ce sun wuce Sudan, daga baya wani direba ya ce min ya rasu a can, wani kuma ya ce a'a, a Injamena ne. Ban san inda kabarinsa yake ba balle in je. Garin da ya bar min ina cikinsa har yau, na yi aure, na haifi 'ya'ya, kuma har gobe idan za a rubuta sunan yaro a makaranta sai an tambaye ni asalinmu, in tsaya ina kame-kame. Yanzu samari suna da tsofaffin waƙoƙinsa a waya, waɗanda aka kwafo daga kaset. Kwanaki a teburin mai shayi wani ya kunna ɗaya, na ji siririyar muryar nan tana amshi. Yaron ya tambayi abokinsa wace yarinya ce wannan. Na shanye shayina na tashi. Da a ce zan gan shi, ba faɗa zan yi masa ba. So nake in ji ko ya taɓa niyyar ɗaura min kukumar, ko da na yini ɗaya ne.

Amma duk wannan daga baya ne. Washegarin ranar da suka tafi, da gari ya waye, na bar izgar a zaure na nufi Kasuwar Kwastam. Wani mai hayar baro ya dube ni sama da ƙasa ya ba ni ɗaya, aka ɗora min buhunan gero biyu. Na turo cikin cunkoso, mutane sun cika hanya, na buɗe baki na ce a ba da hanya. Muryar ta fito da kauri, ba ta karye ba, kuma suka matsa.