Malafar Kawu

Gidanmu na Karaye bangonsa na baya yana jingine da filin da ake tara jama'a, zaurenmu kuma nan 'yan jam'iyya suke zama. Saboda haka ni da ban cika fita ba, babu abin da yake wuce ni. Ina tsakar gida ina tankaɗe ko ina kaɗi, magana tana zuwar mini ta gaba da ta baya. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, amma an fara cewa suna ɗaure kaya. Mu mata ba ma zaɓe, ba a ma tambayarmu. Kunne ne dai ba wanda ya hana mu.

Jam'iyyar ta talakawa ce, ta marina da maɗinka da manoma, waɗanda suka gaji da a ce musu tashi su tashi. Maigidana marini ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa, yana ciki tsundum. Yayana da muke ciki ɗaya, manomi a Yammedi, shi ma yana ciki. Duk ranar kasuwa sai ya zo, ya cire takalmansa a ƙofar zaure, su ci tuwo akushi ɗaya da maigidan. Iyayenmu sun rasu, shi kaɗai ya rage mini. In na ji sallamarsa, ranar nan miyata takan fi daɗi, ban san dalili ba.

Babbansu wani dogon dattijo ne, kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi kaɗai jam'iyyar ta taɓa samu ya shiga majalisar gunduma. Tun kafin ya yi sallama nake gane shi. Kurkunu ya taɓa cin ƙafarsa ta hagu, sai yake jan ta, takalmin yana shara a ƙasa kamar ana goga tsintsiya. Kuma kafin ya yi magana yakan yi tari biyu gajeru, na biyun ya fi na farkon kauri. Yana da wata tsohuwar malafa mai faɗi, an yi mata faci da jar fata a baya, ba ya rabuwa da ita.

Malafar nan tana da aiki. Zaɓen wancan lokaci a wajenmu na layi ne. 'Yan takara su jeru suna fuskantar teburin malamin zaɓe, masu zaɓe su yi layi a bayan wanda suke so, a busa usur, a ƙirga. Kowa yana ganin kowa, dagaci yana gani, 'yan doka suna gani. Mutanen ƙauye tsoro suke ji. Sai Kawu ya koya musu wata dabara. Ya ce in sun shigo fili kada su gaisa da kowa, kada su tambayi kowa, kada su dubi fuskar kowa. Su nemi facin malafarsa kawai, su tsaya a bayanta, idonsu a ƙeyar na gabansu, har a busa usur. Bahaushe ya wuce mutum bai gaishe shi ba, abu ne mai wuya, amma sun koya. Da haka aka ci zaɓen farko.

Da bazara ta kama, Kawu ya kwanta kwana huɗu, ya rasu. Aka ce bayan sadakar arba'in za a yi zaɓen cike gurbinsa.

Tun ba a yi sadakar bakwai ba zauren ya canza murya. Da can hayaniya ce da dariya, yanzu sai a yi shiru mai tsawo, wani ya yi gyaran murya, wani ya tashi ya fita ba sallama. Rigimar a kan takalmi ta fara. Mutanen gari, su maigidana, suka ce ɗan jam'iyya ba zai ƙara cire takalmi ya durƙusa wa mai sarauta ba, wanda zai gaji Kawu kuwa sai wanda zai tsaya a miƙe. Mutanen ƙauye, su Yaya, suka ce wannan maganar wanda yake kwana a gari ce. Su a can dagaci ya san gonar kowa da akuyar kowa, shi yake zaɓen wanda za a kai aikin hanya. A bar su su durƙusa da gwiwa, ranar layi su tsaya inda ransu yake so. Na gari suka sa wa na ƙauye suna 'yan durƙuso. Na ƙauye suka sa musu 'yan inuwa, wai jarumtarsu ba ta fita rana.

Na gari suka tsayar da maigidana. Na ƙauye suka tsayar da Yaya.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na tuƙa tuwo kamar kullum, na sa man shanu. Na ji tafiyar Yaya ta zo har ƙofar gida ta tsaya. Ban ji an cire takalmi ba. Sai na ji tafiyar ta ci gaba. Tuwon nan da safe na ɗumama shi muka ci.

Wani jagoran jam'iyya ya zo daga Rogo a kan keke don ya sasanta su. Ya zauna daga hantsi har la'asar, ya sha buta biyu ta ruwa, kowa yana rantsuwa shi Kawu ya ambata kafin ya cika. Da mutumin ya ga rana tana yi, ga hanya, sai ya ce to, wanda iyalin Kawu suka ɗora wa malafarsa, shi ne na jam'iyya. Ina jin don ya samu ya tafi ya faɗa. Amma kafin kwana uku maganar ta kai Yammedi, ta kai Kafin Dafga, ta shiga kowace bukka.

Matar Kawu tana takaba, namiji ba ya ganinta. Sai aikin ya faɗo kaina. Maigida ya ce in je gaisuwa, in lallashe ta. Washegari Yaya ya zo ta bayan gida, ya tsaya a rana, ya kira ni ta kan katanga kamar baƙo.

"Yaya, ba ka shigo ka sha ruwa ba?"

"Gidan 'yan inuwa? Sanyi zai kama ni," in ji shi. Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce in na je wajen tsohuwar in tuna nonon da muka sha.

Na lulluɓa na tafi da ƙwaryar fura. Na same ta a ɗaki, kanta ba kitso, tana jan carbi. Muka gaisa, muka yi wa mamaci addu'a. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce ta san abin da ya kawo ni, ni ce ta biyar. Ta nuna mini ƙusar da ake rataye malafar, ba komai a kanta. Ta ce kayan da mutum ya kwanta ciwo da su na mai wankan gawa ne, haka aka saba. Tun ranar jana'iza ta ƙulle riga da takalmi da malafa ta aika masa, kafin kowa ya san malafa za ta yi daraja.

"Ba wanda ya tambaye ni ina take, 'yata. Kowa cewa yake in ba shi."

Mai wankan gawar wani tsoho ne gajere a bakin gari, kunnensa ya yi nauyi, ba ruwansa da jam'iyyar kowa. Mutane ba su cika zama kusa da shi ba, saboda aikinsa.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. In na gaya wa maigida, kafin magariba malafa tana kansa, Yaya kuma ba zai ƙara taka zauren nan ba har in mutu. In na gaya wa Yaya, ban san da wane ido zan dubi wanda nake kwana ɗakinsa ba. Sai na ce wa kowannensu tsohuwa ta ƙi magana. A ganina in ba malafa, ba wanda zai ce an fifita wani a kansa, kome ya faru a fili su koma su ci tuwonsu. Iyakar wayona ke nan.

Ranar zaɓe zafi ya yi zafi. Ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu sun buɗe baki. Ganye ba ya motsi. Na kifa turmi a gindin katanga na hau, na ja mayafi na bar ido ɗaya. Ga teburin malamin zaɓe a inuwar tsamiya, dagatai a gefensa, 'yan doka biyu. Ga 'yan takara uku a rana, kowa ya ba fili baya. Na jam'iyyar manya, ta masu sarauta, da layinsa. Maigidana da 'yan marinansa da maɗinka. Yaya da wasu 'yan tsiraru na unguwarsu. Tsakanin maigida da Yaya an bar wani wuri fayau, kamar ana jiran wani.

Sai na ji shara.

Ta lungun da ke jikin bangonmu take tahowa, a hankali, taku ɗaya sai ja, taku ɗaya sai ja. Na riƙe katanga. Shekara nawa ina jin tafiyar nan tana zuwa ƙofarmu. Ta wuce dab da ƙasan inda nake, ban iya leƙawa ba. Da na ɗaga ido, ga riga mai ruwan ƙasa tana ratsa fili, ga malafa, ga jan facin. Ta je ta tsaya a wurin nan da aka bari, tana fuskantar tebur.

Daidai lokacin mutanen ƙauye suka fara shigowa. Sun san Kawu ya mutu, da yawansu sun ɗauki makararsa. An gaya musu magana biyu a kan ɗan takara, amma an gaya musu ɗaya a kan malafa. Suka ga facin. Na Yammedi, na Kafin Dafga, na ƙananan unguwanni, suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kansu a sunkuye, suna tsayawa. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka ba ƙara ba, sai sautin tafin ƙafa a kan ƙasa mai zafi. Layin ya miƙe, ya wuce rijiya, ya lanƙwasa. Har wasu daga bayan maigida da bayan Yaya suka zame a hankali suka koma can. Da mutum ɗaya ya ce sannu da rana, ya leƙa ƙarƙashin malafar, da abin ya ƙare. Amma an koya musu kada su gaisa.

Maigida da Yaya kuwa, kowa ya kafe idonsa a tebur don kada ya dubi ɗan'uwansa. Ni kaɗai na san abin da ke faruwa, ga ni a kan turmi. Matar aure ta ɗaga murya a kan katanga gaban dagatai? Ina cikin wannan tunani, a shirun nan, na ji tari biyu gajeru. Na biyun ya fi kauri.

Aka busa usur.

Malamin zaɓe ya taso da takardarsa, ya tsaya gaban malafa, ya tambayi suna. Bai sami amsa ba, ya ƙara da ƙarfi. Sannan aka ɗaga malafar, ga tsoho mai wankan gawa yana murmushi, yana cewa lafiya lau, ya ga taro ne ya zo kallo. Ya waiwaya, ya ga abin da ke bayansa, murmushin ya ɗauke. Malam ya ce sunansa ba ya takarda, kuma bayan usur ba a sauya layi. Aka ƙirga sauran ukun. Na jam'iyyar manya ya ci, da layin da bai kai rabin na malafa ba. Mutanen ƙauye suka watse yadda suka zo, ba wanda ya tsaya ko shan ruwa.

Daga baya an bi komai an sami dalilinsa. Takalmin ya yi wa tsohon yawa, shi ya sa yake ja. Malafa kuwa rana ce ta sa ya ɗauko ta. Na yarda. Abin da ban samu wanda zai warware mini ba, tsohon nan da kaɗan tsawonsa ya wuce kafaɗata, amma wanda na ga ya ratsa fili ya fi maigidana tsawo. Wataƙila ƙyallin rana ne. Tarin kuwa ban gaya wa kowa ba.

Da la'asar sakaliya maigida ya shigo zaure ya zauna, bai nemi ruwa ba. Can na ji wata tafiya ta tsaya a ƙofa. Na daina daka. Ta daɗe a tsaye. Sai na ji takalmi ya faɗi, ɗaya, sannan ɗayan.

"Ka ga layin da muka zubar?" in ji Yaya.

"Na gani, Yaya. Shigo daga rana."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Na tuƙa tuwo, na kai bakin ƙofar zaure na tura akushi, na koma na zauna jikin bango. Ina jin hannu biyu suna shiga suna fita. Jam'iyyar ba ta ƙara samun kujerar nan ba har Turawa suka tafi, kuma na san nawa laifin a ciki. Su biyun sun rasu ba su san na san inda malafar take ba. Amma Yaya bai ƙara wuce ƙofata ranar kasuwa ba, har shekarar da ƙafa ta gaza masa.

A ranar zaɓen dai, da suka kusa cinye tuwon, na ji an yi tari biyu a cikin zauren. Hannuwan suka tsaya. Na tashi a hankali na zagaya na leƙa bakin ƙofa, na ƙirga takalma. Na mutum biyu ne. Na koma ciki, na ɗebo ruwan wanke hannu, na cika ƙwaryar fiye da yadda na saba.